Man Rana a Kwalbar Zuma

Mai Ɗinki ba ta zubar da komai. Duk layin an san ta da abu biyu, iya kafa hannun riga da rashin yar da tsumma. Gwangwanin madara a wurinta mazubin maɓallai ne, tsohuwar safa ta goge keken ɗinki ce, ƙyallen da bai kai tafin hannu ba kuwa yana da buhunsa a bayan ƙofa, yana jiran ranarsa. Idan man goge baki ya ƙare a ganin mutanen gidan, ita a ganinta yanzu ya fara. Sai ta ɗauki almakashi ta datse wutsiyar robar, ta buɗe cikin, a ci gaba da dangwala har sai roba ta yi fes. Maigidanta, tsohon direba da ya ajiye aiki ya koma zaman ƙofar gida da rediyo, yakan ce shi ranar da zai ƙare yake tsoro, don ya san kafin a binne shi sai an yanka an duba ko da saura.

Ba ta taɓa yi wa wannan maganar dariya ba. Takan ce ajiya maganin wata rana, ta ci gaba da taka kekenta.

'Yarsu ta ƙarshe, Auta, zabiya ce. Tun ranar da aka miƙo mata jaririyar fara tas, Mai Ɗinki ta ɗauki rana abokiyar gaba. Ta ninka labulen ɗaki, ta ɗinka riguna masu dogon hannu, ta hana wasan tsakar gida sai inuwa ta sauko. Man da ake shafawa don kare fata, wanda a gidan ake ce wa man rana, shi kaɗai ne abin da take saya ba ta tsaya ciniki ba. Burinta bai da yawa. Yarinya ta girma ta zauna a keke na biyu kusa da ita, ko ta sami wani ofis mai fanka inda rana ba ta san hanya ba.

Sai Auta ta tashi ta karanci aikin gona.

"Duk karatun da ke duniya," in ji uwar, "sai wanda ake yi a tsakiyar rana? Rana ba taki ba ce, Auta. Ba ni na ce ba, jikinki ne ya ce."

Auta ba mai musu ba ce, irin mutanen nan ne da za su ce maka to, su je su yi abin da suka yi niyya. Ta gama karatu, ta dawo gida, ba a jima ba ta sami aiki a gonar gwaji ta wani kamfanin iri a bayan gari. Shugaban gonar, wanda kowa ke ce wa Oga, ya dube ta ya dubi sama, ya faɗa mata gaskiyar abin da ke ransa. Zai gwada ta a fili zuwa girbi. In ta jure, a ba ta nata filayen ta riƙa kula da su. In ba ta jure ba, akwai kujera a sito, wurin buhunan iri, da fanka a kanta. Auta ta ce ta yarda. Uwarta da ta ji zancen kujera da fanka sai ta ji Ogan ya kwanta mata a rai, ko ganinsa ba ta taɓa yi ba.

Auta ta san aikinta da rana. Malafa mai faɗi, baƙin tabarau, riga har wuyan hannu, safar hannu, takalmin roba. Takan shafa man tun kafin ta fita, ta kuma cika wata 'yar roba mai murfi ta sa a aljihu, ta riƙa ƙarawa a gona in gumi ya wanke na farko. Motar kamfani da sassafe take tsayawa a bakin titi, kuma direban ba ya jiran kowa, don haka kullum a gurguje take shiri.

"Bar mini 'yar robar nan, ni zan riƙa cika miki," in ji uwar wata safiya. "Ke dai sha shayinki."

A lokacin irin man da Auta ta saba da shi ya yanke a kemis, sai mai kemis ya ba ta na wani kamfani, babbar roba mai tsada irin ta man goge baki. Mai Ɗinki ta juya robar a hannu, sabuwa fil, ta ji ba za ta iya matsa ta ba alhali akwai na da. Domin kuwa akwai na da. A saman kwaba, can kusa da rufi inda zafi ke taruwa, akwai kwalin da ta daɗe tana tara robobin man ranar da Auta ta ce sun ƙare. Har da wasu da wata ƙungiya ta taɓa rabawa, ko buɗe su ba a yi ba, ta ɓoye su saboda sun yi kyau da yawa a ɓarnatar.

Ranar ta ajiye ɗinkin mutane. Ta sauko da kwalin, ta kakkaɓe ƙura, ta wanke wata kwalbar zuma ta shanya. Ta bi robobin ɗaya bayan ɗaya, ta datse wutsiya, ta sa cokalin shayi ta kwashe abin da ke ciki. Wani fari, wani ya ɗan yi rawaya, wani ya yi gudaji, duk ta haɗa ta juya. Kwalba ta kusa cika. Ta daɗe ba ta ji daɗin wani aiki kamar wannan ba. Ta ɗora kwalbar a bakin taga kusa da keke, inda take ajiye duk abin da take so hannunta ya kai, tagar da rana ke dukanta tun daga azahar har ta faɗi. Wutsiyoyin da ta yanke kuwa ta zuba su a gwangwanin maɓallai, don suna da daɗin naɗe ragowar zare.

Ba ta gaya wa Auta ba. 'Yan makaranta ba su san zafin nema ba, da ta ji sai ta kawo wani dogon bayani. Kowace safiya Mai Ɗinki takan taɓa sabuwar robar ta mayar da ita cikin durowa, ta cika 'yar robar aljihu daga kwalba, ta kuma lakato wani a murfi ta miƙa wa Auta na shafawar farko. Da ta ga wani ruwan mai yana tasowa a saman kwalbar, sai ta sa gindin cokali ta juya ya koma.

"Mama, sabon man nan ruwa-ruwa ne," in ji Auta, tana shafa wuya. "Kuma yana wani wari kamar tsohon man girki."

"Kowane kamfani da hannunsa. Ki riƙa girgizawa."

A lissafinta ba ƙarya ta yi ba. Mai dai mai ne, kuma duk na rana ne.

Kunnuwa ne suka fara ja, sai bayan wuya inda malafa ba ta rufewa in an sunkuya. Auta ta ce ƙila ba ta shafawa da yawa, ta ƙara yawan shafawa. Sai wuyan hannu, daidai tsakanin safa da bakin riga, ya yi jawur ya kumbura. Daga nan bayan wuyan ya ɗuri ruwa, ya fashe, ya fara saɓa. Takan dawo ta zauna a gefen gado ta kasa jingina, ta kasa ɗaura ɗankwali yadda ta saba. Ba ta yi ƙorafi ba, da safe ta sake ɗaukar malafarta.

Oga ne ya gani da ta sunkuya tana duba ganyen masara. Ya kira ta gindin bishiya, ya ce ba zai ɗauki alhakin fatarta ba. Ta je gida ta warke, in sabon mako ya kama ta fara zama a sito.

Ta dawo rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta cire takalmin roba a bakin ƙofa, ta shigo ɗakin ɗinki ta zauna a ƙasa kan tarin ƙyallaye, kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Mama, ke kika yi gaskiya," ta ce. "A makaranta rabin yini muke yi a fili, shi ya sa na ɗauka zan iya. Duk abin da aka ce a yi na yi. Jikin ne ba ya so."

Mai Ɗinki ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta ɗora mata a wuya. Ta tausaya mata, wannan ba a musu. Amma a ƙarƙashin tausayin murna ce fal cikinta. Abin nema ya samu. Shekara da shekaru tana faɗa ana ce mata to, yau ga shi an ce ita ta yi gaskiya, kuma ga kujera ga fanka. Ta ce Allah ya sa haka ne ya fi alheri, muryarta ba ta nuna komai ba.

Sai dai wuyan yarinyar ba ya kalluwa, kuma Mai Ɗinki ba ta iya ganin ɓarna ba ta nemo mai laifi ba. Washegari ta yafa mayafi, ta ɗauki sabuwar robar daga durowa, ta nufi kemis da faɗa a bakinta.

Mai kemis dattijo ne mai sanyin magana, tabarau a karan hanci. Ta dire masa robar a kan teburin shagon.

"Likita, wannan abin da ka sayar wa 'yata jabu ne. Je ka ga wuyanta."

Ya ɗauka ya duba gaba da baya, ya buɗe ya matsa kaɗan a bayan hannunsa, ya shinshina. Man ya fito fari, mai kauri, ba wani wari.

"Hajiya, wannan lafiyarsa ƙalau. Ga ranar lalacewarsa nan, da sauran lokaci sosai." Ya juyo mata wutsiyar robar, inda aka matse bakin aka liƙe. "Kin gani? A nan suke buga wata da shekara. Ba tawada ba ce, dannawa ake yi, sai an karkata shi ga haske ake gani."

Ta karkata. Ga lambobi nan ƙanana a jere, a daidai wurin da almakashinta ke bi. Ta yanke irin wannan wutsiyar ba adadi, ba ta taɓa sanin da rubutu a jiki ba.

"Abin da ya ɗaure mini kai," in ji shi, yana auna nauyin robar a tafin hannu, "ai wannan kamar ba a taɓa shi ba. Mai aiki a fili da yanzu ta ci rabinsa. Anya tana shafawa?"

"Tana shafawa."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ta gyara mayafi.

"Wata maƙwabciyata ce take tambaya," ta ce. "In ranar ta wuce, me zai faru? Ba mai ba ne?"

"Mai ne, zai yi santsi a jiki, amma abin da ke tare ranar ya mutu ko ya yi rauni. Mutum ya shafa ya shiga rana da ƙarfin gwiwa, ga shi ba komai a jikinsa. Gara ma wanda bai shafa ba, shi ya san ya nemi inuwa. Kuma ba sai ranar ta wuce ba. In an bar shi cikin mota, ko bakin taga, ko wani wuri mai zafi, zai lalace tun kafin lokacinsa. Ki ce mata in ta ga ya tsinke, ko ruwa ya rabu da mai, ko ya yi gudaji, ko launi ko wari ya canja, ta zubar kawai. A bar shi cikin robarsa, a rufe da kyau, a sa a durowa inda ba zafi. Ranar da aka buɗe ma a rubuta a jiki."

"In an haɗa tsoho da wani tsohon fa?"

"Wa zai yi haka?" in ji mai kemis.

Ta sayi maganin ƙuna, ta ɗauki robarta ta fito. Ba ta tsaya gaisawa da kowa a hanya ba.

A gida Auta na barci. Mai Ɗinki ta juye gwangwanin maɓallai a kan tebur, ta tsince wutsiyoyin, ta warware zaren da ta naɗa a wasu. Ta ɗauka ɗaya ɗaya tana karkatawa ga hasken taga. Babu ko ɗaya da ranarsa ba ta wuce ba. Na ƙungiyar nan da ta ɓoye don sun yi kyau, tun Auta na sakandare suka mutu. Ta ɗaga kai ta dubi kwalbar zuma. Rana na dukanta, ruwan mai ya sake tasowa sama, rawaya. Ta taɓa gilashin ta ji shi da zafi kamar kofin shayi.

Maigidan ya leƙo yana neman batirin rediyo, ya ga tebur.

"Yau kuma me ake tonowa? Ko an gano saura a wani wuri?"

"Batir na cikin gwangwani na biyu," ta ce, ba ta juyo ba.

Garin neman gira an rasa ido, wannan ta gane shi sarai. Amma ta gane wani abu kuma. Ba wanda ya sani. Mai kemis maƙwabciya ya sani, Auta jikinta take zargi, Oga ya riga ya yanke hukunci. In kwalbar nan ta ɓace, shi ke nan, yarinya ta zauna a inuwa har ta tsufa, da fatarta lafiya, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Ta naɗe kwalbar a tsumma, ta zuba wutsiyoyin a leda, ta fita bayan gida wurin kwandon shara.

Kada a yi saurin yaba mata. Ba tsoron Allah ne ya fara riƙe hannunta ba. Kwalba ce mai kyau, mai murfin ƙarfe, ko tsaga babu, kuma hannun da bai taɓa yar da gwangwani ba ya ƙi buɗewa. Tana tsaye a wurin da kwalba a hannu, sai maganar Auta ta dawo mata, jikin ne ba ya so. Yarinyar za ta ɗauki wannan maganar ta yi ta yawo da ita har ƙarshen rayuwarta, kuma ba gaskiya ba ce. Mai Ɗinki ta koma ciki da kayanta, ta sa su a ƙarƙashin keke. Kwanakin da suka rage ta yi su tana shafa wa Auta maganin ƙuna, tana buɗe baki tana rufewa.

Ranar da za a fara zaman sito, Auta ta fito da doguwar riga da takalmi mara tudu, ba malafa. Wuyan ya bushe, sabuwar fata ta fara fitowa. Takalmin roba na nan a bakin ƙofa inda ta cire shi. Ta zauna za ta sha shayi, sai uwar ta ajiye kwalbar zuma kusa da kofin, ta zazzage wutsiyoyin a gefe, ta ajiye sabuwar robar ita ma.

"Abin da kike shafawa ke nan tun da kika fara aiki," ta ce. "Ba sabon ba. Tsofaffin na saman kwaba ne na haɗa. A taga nake ajiyewa."

Auta ta buɗe kwalbar ta shinshina. Ta ɗauki wutsiya ɗaya ta kawo ta dab da idonta, yadda take karanta ƙananan rubutu, ta ajiye, ta ɗauki wata. Sai da ta duba su duka. Shayin ya huce.

"Mama," ta ce, a hankali, "da gangan?"

Da wani ne ya yi mata wannan tambayar, da unguwa ta ji su. Mai Ɗinki ta nemi fushin ta rasa.

"A'a. Wallahi ban san da rubutu a wurin ba." Sannan ta ƙarasa, tunda an zo nan. "Amma da aka ce kin koma sito, na yi murna."

Auta ta gyaɗa kai, kamar an gaya mata abin da ta riga ta sani. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito, rigar gona ce a jikinta, da malafa, ta naɗa wani ƙyalle mai laushi a wuya. Ta ɗauki sabuwar robar, ta rubuta kwanan wata a jiki da biro, ta shafa da kanta a tsaye, kunne, wuya, wuyan hannu. Ta zuba wutsiyoyin a leda, ta sa su a jaka tare da kwalbar da sabuwar robar.

"Zan nuna wa Oga. In ya yarda, to. In bai yarda ba, ya dai gani."

"Kawo 'yar robar in wanke miki."

"Bar shi, Mama."

Ta sa takalmin roba ta fita. Mai Ɗinki ta bi ta har bakin ƙofa, ta buɗe baki za ta ce a dawo mata da kwalbar in an gama, sai ta rufe.

Ma'aikatan sito da la'asar suke tashi, 'yan fili kuwa sai rana ta faɗi. Mai Ɗinki ta yini tana ɗinka hannun riga ɗaya tana farkewa. La'asar ta yi, ta wuce, ba Auta. Rana ta sauka daga bakin tagar, inda zoben gindin kwalba ya bar shaida a kan ƙura. Dab da magariba aka ji tsayuwar mota a bakin titi.

Auta ta shigo da laka har ƙauri. Ta gaida babanta, ta leƙo ɗakin ɗinki ta durƙusa ta gaida uwarta yadda ta saba, ba ragi ba ƙari.

"Ya ce zuwa girbi, kamar yadda aka yi da farko."

"To, Allah ya taimaka."

"Amin."

Ta wuce ɗakinta. Mai Ɗinki ta ɗora ƙafa a kan keke ba ta taka ba. Ta ji an jawo durowa, an ajiye abu, an mayar. Sai ta ji ƙarar da ba a taɓa ji a gidan ba tun da aka sayi durowar, an murɗa makulli, an zare shi.